Digirin Dokta Na Hidima: Riba Ga Garke Ko Ado Ga Makiyayi?



Kwanakin baya wani dattijon ikkilisiya ya kira ni a waya da damuwa. Fastonsu, wanda ya daɗe yana hidima da aminci, ya kawo takarda gaban dattawa yana neman izini da taimakon kuɗi domin ya shiga karatun dokta. Dattawa suka rabu biyu. Wasu suka ce rufin majami'a yana yoyo, ga gwauraye da marayu, ina kuɗin dokta? Wasu suka ce faston maƙwabta ya zama Dokta tun bara, don me namu zai zauna a baya? Dattijon ya ce mini, "Fasto, ni tambayata ɗaya ce. Wannan dokta, me za ta ƙara mana?"

Na ce masa, "Baba, ka yi tambayar da ta dace." Irin wannan takarda tana isa gaban majalisun ikkilisiyoyinmu da yawa yanzu, don haka na ga ya kamata mu duba batun tare.

Dokta iri uku ce

Ruɗani na farko shi ne, abubuwa uku dabam-dabam ne muke kira da suna ɗaya.

Akwai digirin bincike, wato PhD ko ThD. Wannan na wanda zai koyar a makarantar tauhidi ko jami'a ne. Yakan ɗauki shekaru yana tonon fanni guda, sau da yawa har da Ibrananci da Helenanci, domin ya kawo sabon sani.

Akwai digirin dokta na hidima, wanda ake taƙaitawa DMin. An shirya shi domin mai hidimar da ya riga ya ƙware a aiki, kuma zai ci gaba da zama a cikin aikin. Shi ne batunmu a yau.

Na uku shi ne digirin girmamawa. Wannan kyauta ce ta yabo, ba a zama aji dominta, ba a rubuta jarrabawa.

Digirin DMin ya samo asali ne daga Amurka. A farkon shekarun 1970 ƙungiyar makarantun tauhidi ta Amurka da Kanada, wato ATS, ta amince da shi. Tunanin shi ne, kamar yadda likita ke komawa ƙaro sani bayan ya ga marasa lafiya iri-iri, haka mai kiwon rayuka yake bukata. Bisa al'ada ana neman mai shiga ya riƙe digiri na biyu na tauhidi, wato MDiv, ya kuma yi aƙalla shekara 3 a hidima. Ba ya barin ikkilisiyarsa. Yakan je makaranta na mako ɗaya ko biyu, sau kaɗan a shekara, ya dawo da karatu da rubutu. A ƙarshe sai ya zaɓi wata matsala ta gaske a wurin hidimarsa, ya bincika abin da Littafi Mai Tsarki da masana suka faɗa a kanta, ya gwada magani a cikin jama'arsa, ya auna sakamako, ya rubuta, ya kare rubutun a gaban malamai. Duka yakan ci shekara 3 zuwa 5, wani lokaci fiye.

Ke nan ikkilisiyar faston ita ce ajinsa. Idan an yi karatun yadda ya kamata, ita ce ta fara cin moriya.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Dalili na farko, karatun ya zo gida. Makarantunmu sun girma. Ta Kagoro ta faro ne a matsayin makarantar Littafi Mai Tsarki a 1931, TCNN da ke Bukuru ta buɗe a 1959, JETS da ke Jos a 1980. Abin da a da sai an ƙetare teku, yau akwai makarantun tauhidi a cikin Najeriya da ke ba da shi. Intanet kuma ta sa mutum na iya zama a Zonkwa ko Biliri yana sauraron malami daga wata ƙasa.

Na biyu, masu zama a kan benci sun canja. A majami'un birni fasto yana wa'azi gaban lauyoyi, likitoci da malaman jami'a. Matasa suna sauraron masu wa'azi iri-iri a waya, su zo da tambayoyin da kakanninmu ba su taɓa ji ba.

Na uku, nauyin hidima ya ƙaru ƙwarai. A watan Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN da makarantar Kulp a Kwarhi. A watan Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika bayan an sace shi. A Kudancin Kaduna, Filato, Binuwai da sauran wurare, fastoci sun binne mutane da yawa a rana ɗaya. Ta yaya za ka yi wa'azin gafara ga matar da aka kashe mijinta a gabanta? Me ikkilisiya za ta yi idan an nemi kuɗin fansa? Yawancinmu ba a koya mana waɗannan a aji ba.

Dalili na huɗu ba shi da daɗin faɗi: son suna. Mu 'yan Najeriya muna son laƙabi, kuma wannan ciwo bai tsaya a ƙofar majami'a ba. Idan zaɓen shugabanni ya zo, "Rabaran Dokta" yakan fi "Rabaran" nauyi a kunnen masu zaɓe. Ni kaina na taɓa zama a taro aka gabatar da abokan karatuna da Dokta, ni aka kira sunana kawai, na ji wani abu ya soke ni a zuciya. Da na koma gida sai na gane ba ilimin nake kishi ba, kiran nake kishi. Na nemi gafarar Ubangiji.

Kasuwar takardun bogi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya zauna aji ba. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agustan shekarar, ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce 'yan Najeriya fiye da 22,000 ne ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Tun a 2012 shugabannin jami'o'i suka yi matsayar Keffi domin rage raba digirin girmamawa barkatai, amma abin bai tsaya ba. A ƙarshen 2025 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta ce bincikenta ya gano cibiyoyi 32 da suka mai da raba wannan digiri sana'a.

Kada mu ɗauka wannan labarin 'yan siyasa ne kawai. Ni ma an taɓa aiko mini da saƙo ta WhatsApp cewa an zaɓe ni a ba ni dokta saboda "gudummawata ga aikin Allah". Abin da ake bukata kawai in biya kuɗin riga da na biki a wani otal. Ba su taɓa jin wa'azina ba, ba su san ko ikkilisiyata ba.

Fasto da ya sayi irin wannan takarda ya sa ƙarya a gaban sunansa, kuma kowace Lahadi mai sanarwa zai maimaita ƙaryar daga bagade. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da asiri ya tonu, maƙwabtanmu ba sunan mutum ɗaya za su kira ba, za su ce ga halin fastoci. Shaidar da iyayenmu suka gina da wahala ita ce za ta sha duka.

Me Littafi Mai Tsarki ya koya mana?

Maganar Allah ba ta gaba da ilimi. A Ezra 7:10 mun ga mutumin da ya ba da zuciyarsa ga abubuwa uku bi da bi: nazarin Shari'a, aikata ta, sa'an nan koyar da ita. Afolos gwanin magana ne, masanin Littattafai, amma ya zauna Akila da Bilkisu suka ƙara masa haske (Ayyukan Manzanni 18:24-26). Gemu ba ya hana ilimi. Bulus ya yi karatu a wurin Gamaliyel, kuma Allah ya yi amfani da wannan horo.

Amma a Matiyu sura 23 Ubangiji ya tsauta wa masu son gaisuwar girma a kasuwa da kujerun gaba da laƙabi, ya nuna cewa babba a cikinmu shi ne mai yi wa saura hidima. Majalisar Yahudawa ta ga Bitrus da Yahaya ba su da zurfin karatu, amma ta gane sun zauna tare da Yesu (Ayyukan Manzanni 4:13). Yakubu 3:1 kuma ya gargaɗe mu cewa hukuncin masu koyarwa ya fi tsanani. Duk wanda ya karɓi sunan Dokta, ya karɓi ƙarin abin da za a tambaye shi.

Muna da misali a gida. Byang Kato, ɗan Kwoi da aka haifa a 1936, ya yi karatu a Igbaja, da Landan, da Dallas inda ya sami digirin dokta. Ya dawo Afirka, ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta nahiyar a 1973, yana ta gargaɗi cewa ikkilisiya na yawaita amma koyarwarta ba ta da zurfi. Ya rasu a gaɓar teku kusa da Mombasa a watan Disamban 1975, bai kai shekara 40 ba. Hukumar ACTEA mai tantance makarantun tauhidi, da aka kafa a 1976, tana cikin 'ya'yan wannan kira nasa. Har yau aikinsa ne ya sa ake tunawa da shi.

A zauna a yi lissafi

Ubangiji ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya lissafa kuɗinta (Luka 14:28). Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, dalar da ake saye wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Karatun da ake biya da dala ya ninka fiye da sau uku, baikon masu bi kuwa bai ninka ba.

Akwai kuma tsadar da ba ta kuɗi ba. Lokacin karatu daga wani wuri ake cire shi: daga ziyarar marasa lafiya, ko daga matar fasto da 'ya'yansa. Sa'an nan mun sha ganin wanda ikkilisiyar ƙauye ta ɗauki nauyinsa, da ya gama sai ya ga ƙauyen ya yi masa kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Ana rubuta waɗannan bincike da Turanci, a ɗaure su da bango mai kyau, a ajiye a ɗakin karatu. Mutanen da aka yi binciken a kansu da Hausa suke sujada. Masu bishara da suka fito daga makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa, waɗanda su ne ke riƙe da yawancin ikkilisiyoyin karkara, ba sa ganin ko shafi ɗaya. Idan gunduma na da kuɗin horar da mutum ɗaya a matakin dokta, dole ta tambayi kanta masu bishara nawa ne za su amfana da shi.

Tambayoyin da dattawa za su yi

Kafin a ce i ko a'a, a zauna da faston cikin ƙauna a tambaye shi waɗannan:

1. Wace matsala ce ta ikkilisiyarmu kake son bincikawa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ya ce matasan da ke barin sujada bayan sun shiga jami'a, ko warkar da zukatan 'yan gudun hijira, ko shaye-shaye, ko zaman lafiya da maƙwabtanmu Musulmi, to akwai magana. Idan ba shi da amsa, ya ƙara addu'a tukuna.

2. Wa ya tantance makarantar? A tambaya ko ACTEA ta amince da ita, ko tana da alaƙa da jami'ar da NUC ta sani, ko hedikwatar ɗarikarmu ta yarda da ita. A sani kuma cewa takardar da ikkilisiya ta karɓa ba lallai ne gwamnati ta karɓe ta don aikin jami'a ba.

3. Shekara nawa ne, su wane ne malaman, kuma akwai rubutun da za a kare? Duk doktar da ake samu cikin 'yan watanni, a guje ta. Araha ba ta ado.

4. Wa zai riƙe garke idan ya tafi? Matarsa ta yarda?

5. Me zai dawo mana da shi? A rubuta yarjejeniya: shekarun da zai ci gaba da hidima bayan ya gama, da alkawarin mai da bincikensa darussa cikin Hausa domin masu bishara, zumuntar mata da matasa.

Ga 'yan'uwana fastoci kuma, mu gwada zukatanmu da tambaya guda: da a ce za a ba ni ilimin duka amma a hana ni amfani da laƙabin, zan je? Wanda ya ce i, ya tafi da albarka, ikkilisiya ta tallafa masa gwargwadon ƙarfinta, gama muna bukatar irinsa ƙwarai. Wanda ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, ya tsaya ya yi magana da Ubangiji. Wanda kuma bai sami zarafin tafiya ba, kada ya raina kansa. Babban Makiyayi amincinmu zai duba a ranar da zai bayyana.

Waɗannan tambayoyi na ba dattijon nan. Na roƙe shi kada su yanke hukunci don kishin ikkilisiyar maƙwabta, kada kuma su hana bawan Allah ƙaruwa don rowa. Ya ce, "To Fasto, za mu kira shi mu ji daga bakinsa."

Ubangiji ya ba dattawanmu hikima, ya ba makiyayanmu zuciyar koyo da tawali'u. Amin.