Kuɗin Tazara: Me Ya Sa Takobin Marth Ba Zalunci Ba Ne

A watan Janairun 2020 abubuwa biyu sun faru kusa da juna a duniyar wasan Super Smash Bros. Kamfanin Nintendo ya sanar da cewa zai ƙara Byleth cikin jaruman Ultimate, sabon wasan jerin, kuma shi ne jarumi na takwas da aka ɗauko daga wasannin Fire Emblem. Masoya wasan da dama suka yi tsaki: wani mai takobin kuma? Kwanaki kaɗan bayan haka, a birnin Oakland na jihar Kalifoniya, wani matashi mai suna Zain Naghmi ya lashe gasar Genesis 7 a tsohon wasan Melee. Ya doke Hungrybox a karon ƙarshe, kuma da Marth ya yi hakan, wato da uban masu takobin Fire Emblem gaba ɗaya. Wannan karon tafi aka yi. Jama'a ɗaya ce ta gaji da takobi, ta kuma miƙe tsaye dominsa a wata guda, kuma ba ruɗewa ta yi ba. Takubban ne ba iri ɗaya ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, tsarinsa ya bambanta da na sauran wasannin faɗa. Babu layin lafiya da ke raguwa har mutum ya faɗi. Kowane bugu yana ƙara wa wanda aka buga lissafin rauni, wanda ake nunawa da kashi cikin ɗari, kuma gwargwadon hawan lissafin, gwargwadon nisan da bugu na gaba zai cilla shi. Ana rasa rai ne idan aka cilla jarumi ya wuce iyakar fili, ko ya faɗa ƙasa bai iya komawa kan dandamali ba. A gasar Melee kowa yana farawa da rai 4, lokaci minti 8, kuma ana kashe duk kayan sa'a da ke faɗowa daga sama. Wasan yana tafiya a kan hoto 60 cikin daƙiƙa ɗaya, kuma da waɗannan hotunan 'yan gasa ke auna komai: saurin fitar bugu, tsawon lokacin da yake cutarwa, da jinkirin da ke biyo bayansa.

Asalin ƙorafin da ake yi wa masu takobi yana cikin wata ƙa'ida ta ginin wasan. Idan Mario ya kai naushi, hannunsa makami ne, amma kuma jiki ne. Wanda ya bugi hannun ya bugi Mario. Takobi kuwa yana bugu, ba a bugunsa. Idan naushi da ruwan takobi suka haɗu a sararin sama, mai naushin ne zai ji jiki. Saboda haka mai takobi yana iya tsayawa inda abokin karawarsa ba zai kai gare shi ba, ya riƙa sara ba tare da ya miƙa komai nasa cikin haɗari ba. Masu ƙorafin suna cewa wannan cin bulus ne. A matakin masu koyo, gaskiyarsu ce: sabon ɗan wasa da ya riƙe Marth yana iya maimaita babban saransa na gaba har ya ƙarar da wanda bai san yadda ake kauce masa ba.

Sai dai Masahiro Sakurai da abokan aikinsa a HAL Laboratory, da suka fitar da Melee a kan na'urar GameCube a 2001, sun sa wa takobin Marth wani sharaɗi. Ƙarfinsa yana tsininsa ne. Babban saran gaba, idan ya sauka da tsakiyar ruwan takobin, yana ƙara raunin kashi 14, ya ture mutum turawa mai sauƙi. Idan ya sauka da tsini, kashi 20 ne, kuma yana iya kashewa tun lissafin bai yi nisa ba. Maɓalli ɗaya ne aka danna, motsi ɗaya ne aka gani. Bambancin duka ɗan taku ne da bai kai faɗin jikin jarumin ba. Haka abin yake a kusan dukkan saransa.

Wannan sharaɗin ya juya ma'anar tazara. Bai ishi mai riƙe da Marth ya nisanci abokin gaba ba, sai ya tsaya a wani zare siriri, inda tsini zai taɓa amma hannun ɗayan ba zai iso ba. Taku ɗaya baya, saran ya kama iska. Taku ɗaya gaba, ya sauka da rauni, ɗayan kuma ya shigo jiki. Duk wanda ya taɓa kallon ɗan dambe yana miƙa hannun da ba a naɗe ba domin auna nisan abokinsa zai gane aikin, illa dai a nan abokin yana gudu, yana tsalle, yana sauya alkibla sau da yawa cikin daƙiƙa guda.

Kuskure kuma yana da tsada. Babban saran nan yana fita ne a hoto na 10, kuma bayan ya wuce, Marth yana tsaye fiye da rabin daƙiƙa kafin ya sake motsi. Fox, wanda aka fi ɗauka a matsayin jarumi mafi ƙarfi a Melee, yana da bugun da ke fita a hoto na farko. Rabin daƙiƙa a gaban irin wannan dila doguwar tafiya ce. Marth ba shi da abin harbi, don haka idan Falco ya tsaya nesa yana ruwan harbi, dole mai takobin ne zai bi. Saransa baka ne da ke shara ya wuce, ba ya tsayawa a fili ya tsare wuri. Idan aka shiga ƙarƙashinsa yana sama, saukowa kan zame masa wahala. Idan kuma aka cilla shi waje bayan ya ɓatar da tsallensa na biyu, hanyar dawowarsa a bayyane take, mai jiran baki ya san inda zai biyo. Maganar da ake yi cewa tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya ta yi daidai da shi ƙwarai.

Akwai kuma wata cuta da 'yan wasa suka yi wa laƙabin barkwanci, suka haɗa sunan Marth da na ciwon gaɓoɓi. Marth yana kashewa da wuri idan ya jera bugu a ƙaramin lissafi. Idan wannan damar ta kuɓuce, abokin gaba ya haura wani mataki, sai ƙananan saran su riƙa cilla shi nesa da inda za a iya binsa, alhali ba su da ƙarfin kashewa. Mutum zai ga ɗan wasa yana ta sara, lissafi yana ta hawa, rai ya ƙi fita. A irin wannan lokacin haƙuri ke ƙarewa, a saki babban sara ba bisa ƙa'ida ba, a sha hukunci. Wannan ɓangaren ne masu cewa takobi araha ne ba sa gani, domin ba ya fitowa a gajerun bidiyon da ake yaɗawa.

Tarihin manyan masu riƙe Marth yana ƙarfafa wannan hujja, domin kowannensu da irin kuɗin da ya biya. Ken Hoang, wanda ya mamaye gasannin Amurka a farkon shekarun wasan har ya lashe EVO a 2007, ya yi suna da rawar ƙafa: gudu gaba da baya cikin sauri har abokin gaba ya kai bugu a banza. Sunansa ne ke kan shahararren haɗin nan, inda ake ɗaga mutum da saran sama na gaba a bi shi da saran ƙasa da ke nutsar da shi kai tsaye. Jason Zimmerman, wanda aka fi sani da Mew2King, ya bi ta hanyar lissafi. Ya ƙirga hotunan motsi da kansa, kuma a filin Final Destination, wanda shimfiɗe yake babu ƙananan dandamali, yakan cafki Fox ya jefa shi sama ya sake cafkewa, ya ci gaba har rai ya fita. Kevin Nanney, wato PPMD, ya lashe Apex a 2014 da 2015 yana haɗa Falco da Marth, kuma abin da ake tunawa da shi shi ne yadda yake hana kansa sara har sai ya ga dalili.

Zain ya zo ne a lokacin da mutane da yawa suka ɗauka Marth ya kai iyakarsa, musamman a gaban Jigglypuff ɗin Hungrybox, mai shawagi a sama inda jerin bugun da aka saba ba ya kama ta. Amsarsa ta ƙunshi wata dabara da aka sani amma ake ganin ta yi wuyar dogara: idan jarumi yana gudu ya juya, akwai hoto guda tak da yake tsaye, kuma a cikin wannan hoton ana iya sakin babban sara daga daidai wurin da ake so. Zain ya mayar da ita abin yau da kullum, yana jefa Jigglypuff ya bi ta ya juya ya sauke tsini. Da haka ya doke Hungrybox a Shine 2018 a Boston, sannan a Genesis 7, kuma aka sanya shi na ɗaya a duniya a 2022. Kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, a gaban jama'a, a karon ƙarshe. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Wani abin lura shi ne waɗanda suka fi wahalar da shi. Da tsawon makami ne kaɗai ke yanke hukunci, da masu gajerun hannu ba su da ta cewa. Amma Axe, da Pikachu ɗinsa, ya daɗe yana zame wa Zain ƙarfen ƙafa, Yoshi ɗin aMSa na Japan ma ya sha ba masu Marth ciwon kai. Ƙaramin jiki yana sulalewa ta ƙarƙashin bakan sara, kuma da zarar ya shigo, tsawon takobin ya zama kaya.

Melee ma ya ajiye gwaji a cikinsa. Roy yana da kusan dukkan motsin Marth, amma ƙarfin takobinsa yana kusa da mariƙi, tsinin kuwa ba shi da wani tasiri. Akwai wasu bambance-bambancen tsakaninsu, kamar saurin faɗowa, don haka ba za a ɗora komai a kan wuri ɗaya ba. Duk da haka sakamakon a fili yake: Marth yana cikin jaruman sahun gaba, Roy yana can ƙasa. Takobin da ke tilasta wa mai shi shiga jiki ya zubar da dalilin riƙe takobi.

A nan ne ya kamata a koma ga tsakin da aka yi wa Byleth, domin akwai gaskiya a cikinsa, ko da ba a kan Byleth ɗin ta fi dacewa ta sauka ba. A 2014 aka shigo da Lucina, wadda ke da motsin Marth sak, amma aka baje ƙarfin takobinta daga mariƙi zuwa tsini. Ba ta da bugu mai tsananin na tsinin Marth, ba ta kuma da mai raunin na tsakiyarsa. A Ultimate, wanda ya fito a 2018, tsinin Marth ya ƙara wuyar samu, wasan ya ƙara sauri, sai jerin ƙarfin jarumai da 'yan gasa ke fitarwa suka riƙa ɗora Lucina a samansa. MkLeo na Meziko, wanda ya yi suna da Marth a wasan da ya gabata, ya riƙi Lucina a farkon Ultimate. Babu mai ganin laifinsa. Ɗan gasa yana ɗaukar abin da zai ci da shi ne. Laifin na tsarin ne. Idan aka ajiye takubba biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya na neman awo, ɗaya ba ya nema, kuma ladan awon bai kai wahalarsa ba, to an koya wa 'yan wasa cewa awon ɓata lokaci ne.

Masu kare Lucina suna da amsa mai nauyi. Har yanzu tana bukatar tazara domin kada a hukunta ta bayan ta sari garkuwa, kuma ta buɗe ƙofa ga dubban mutanen da ba su da shekarun da za su ba hoto guda. Wasa na kowa ne, ba na 'yan gasa kaɗai ba, kuma Sakurai bai taɓa ɓoye cewa yana son wasan da kowa zai iya ɗauka ba. Wannan gaskiya ne. Haka kuma dole a yarda cewa Marth na Melee ba waliyyi ba ne. Cafkarsa tana kaiwa nesa fiye da yadda ido ke gani, abin da ya zama abin dariya a tsakanin 'yan wasa, kuma jefa Fox sama da sake cafkewa a Final Destination ba abin sha'awa ba ne ga wanda ake yi wa. Jarumai irin su Kirby da Bowser kuwa takobin yana danne su ne kawai, babu wata hikima da za a ɗora a kai.

Amma waɗannan aibobi ne na yawa da kaɗan, ana iya rage su ba tare da an taɓa ainihin tunanin ba. Nintendo ma ya taɓa yin haka: a bugun Turai na Melee da ya fito a 2002, an sauya saran ƙasan Marth ta yadda wanda aka nutsar zai iya katse faɗuwarsa ya tsira, aka bar tsinin yadda yake. Bayan wannan ba a sake gyara wasan ba. Marth ɗin da Ken ya riƙe shi ne wanda Zain ke riƙewa, da hoto na 10 ɗinsa da kashi 20 ɗinsa. Tun da Slippi ya kawo wasan intanet mai sauri a tsakiyar 2020, sabbin 'yan wasa suna ta ɗaukarsa, kuma yawancinsu suna shafe watannin farko ne suna saran iska.