Filin Sana'a: Alluna Biyu da ke Riƙe da Ran Matuƙi

Kafintan da ya gama harhaɗa ƙaramin jirginsa na katako, ya kafa masa zanen kama iska, kada ya yi garajen shiga ruwa. Saura alluna biyu.

Na farko shi ne allon gefe. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, in iska ta buge shi a haƙarƙari, sai ya yi ta zamewa a karkace kamar ƙwarya a tafki. Domin haka mutanen Holan, masu ruwa mara zurfi, suka daɗe suna rataya faffaɗan allo a gefen jirgi, su sauke shi a ɓangaren da iska ke turawa. Haka jiragen dakon kogin Temas na Ingila suka yi.

Akan yanka katako sala-sala, a manne da gam mai jure ruwa, don falanki guda yakan lanƙwashe in ya jiƙe. A mulmula bakin gaba, a fiƙe na baya. Amma wurin kafa shi ne babban al'amari: ya yi daidai da tsakiyar zanen, ko ya ɗan fi gaba kaɗan. Ta haka in sandar tuƙi ta kuɓuce, jirgin ya fuskanci iska ya tsaya. In an kai shi baya ainun, jirgin ya ba iska baya ya ruga, mai yiwuwa ya kife.

Allon juyawa kuwa a bayan jirgi yake, bisa maratayan tagulla, gama baƙin ƙarfe tsatsa yake yi. A sa masa makari, kada igiyar ruwa ta zare shi.