MUTUWAR ZUCIYA: Bulala Da Mari Ba Sa Tayar Da Himmar Matashi

A kowace unguwa akwai shi. Shekaru biyu ko uku da suka wuce shi ne a sahun farko, shi ke shimfiɗa tabarmi idan za a yi karatu, shi ake aike idan ana son aiki ya yi kyau. Yau kuwa sai hantsi ya dubi ludayi yana kwance a shagon ƙofar gida. Ya daina zuwa wurin sana'a, ya ajiye littattafai, wanka ma ya zama masa jan aiki. In aka tambaye shi abin da ke damunsa sai ya ce ba komai. Mahaifinsa ya ce ya zama cima-zaune. Abokansa sun ce zuciyarsa ce ta mutu. Wani malami ya ce raunin imani ne, gwaggonsa kuma ta rantse sammu aka yi masa. Kowa ya yanke hukunci, amma babu ko mutum ɗaya da ya zauna na awa guda ya saurare shi.

Wannan danyen hukunci, da irin jinyar da ake ɗorawa a kansa, sun ci matasa masu yawa a wannan al'umma, kuma lokaci ya yi da za a faɗi gaskiya a kansu komai ɗacinta.

CIWO NE MAI SUNA

Ko shakka babu akwai ragwanci a duniya, akwai kuma raggaye. To amma rago yana jin daɗin kwanciyarsa, yana cin tuwonsa da marmari, yana dariya a majalisa. Wannan matashi ba ya jin daɗin komai. Barci ya ƙi, ko kuma ya yi yawa. Abinci ba ɗanɗano. Ƙwallon da yake so, hirar da yake so, karatun da yake so, duk sun fita daga ransa. Yana ganin kansa a matsayin kaya a wuyan iyayensa, wani lokaci har ya riƙa raya cewa gara ba ya duniyar. Idan irin wannan hali ya zarce mako biyu yana hana mutum gudanar da rayuwarsa, likitoci suna kiransa ciwon tsananin damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a doron ƙasa. Bai bar mai sallah ba, bai bar mara sallah ba, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ba ya tambayar aƙidar mutum kafin ya kwantar da shi.

Masu cewa mumini ba ya shiga baƙin ciki sai su faɗa wa jama'a inda suka kai tarihin Annabi Yaƙub (AS), wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har ya taɓa masa gani. Su kuma faɗi dalilin da ya sa malaman tarihi suka kira shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu da sunan shekarar baƙin ciki. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga damuwa da kasala, shi ne kuma ya umarci bayin Allah da neman magani. Wa ya ba wani izinin raba waɗannan biyu, ya ce a yi addu'a amma kada a je wurin masani?

MASU CIN KASUWA DA CIWON

Da yake an rufe wa matashi ƙofar magana, sai wasu suka buɗe masa tasu. Na farko shi ne mai sayar da ƙwaya. Yaron da ya kasa tashi da safe sai abokin aikinsa ya miƙa masa tiramol ya ce ga maganin kasala. Kwana biyu sai ya ji kamar zai ɗauki gari a ka. Bayan wata biyu kuwa ba ya iya ɗaga ko bokiti sai ya haɗiya. Tiramol ɗin asibiti yakan zo ne da ƙarfin miligiram 50 ko 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa har mai 225 ake samu, kuma yawan shansa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. A shekarar 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalaben kodin miliyan 3 kullum a jihohin Kano da Jigawa. Sai da gidan rediyon BBC ya fallasa cinikin a 2018 sannan gwamnati ta farka ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Rahoton shekarar 2018 na binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Nijeriya ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da kayan maye, miliyan 4.6 daga cikinsu masu shan tiramol ne da danginsa. Himmar da aka saya a kemis bashi ce, kuma da ruwa ake biyanta.

Na biyu shi ne mai gidan mari. Iyaye sun gaji, sai su tara kuɗi su kai yaro inda za a “gyara” shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk shatar bulala. Cikin makonnin da suka biyo baya aka bankaɗo irinsa a Daura da Katsina da Ilorin da Ibadan. Abin takaici shi ne an lulluɓe wannan zalunci da sunan addini, har wasu na ganin duk wanda ya yi magana a kai makiyin Musulunci ne. Alhali kuwa babban maƙiyin addini a nan shi ne wanda ya ɗaure ɗan Musulmi kamar akuya ya ce tarbiyya yake yi. Bulala tana sa mutum ya yi abin da aka ce muddin mai bulala yana tsaye. Ranar da aka kwance sarƙar, matashi zai fito da tsohon ciwonsa, an kuma ƙara masa da tsoro da ƙiyayyar iyayensa.

WAI KAYAN TURAWA NE?

Idan aka ambaci zuwa wurin masanin halayyar ɗan Adam a zauna a tattauna, nan take wasu za su zabura su ce wannan ai tsarin Turawa ne. Wannan magana jahilcin tarihi ne tsagwaronsa. Abu Zaid al-Balkhi, malamin ƙasar Balkh ta Afganistan ta yau, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus. A cikinsa ya bambanta baƙin cikin da ake sanin dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya nuna cewa na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Ya koyar da cewa ana karya mugun tunani da kyakkyawan tunani, ana tanadinsa tun ana lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida, kuma mai ciwon yana buƙatar wani amintacce a wajensa da zai riƙa yi masa magana. A Alƙahira, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 yana da sashe na masu ciwon ƙwaƙwalwa. Shi kuwa likitan Amurka Aaron Beck, wanda ake danganta wa hanyar gyara tunani da aka fi amfani da ita a yau, sai a shekarun 1960 ya fito da tasa, shekara dubu bayan al-Balkhi.

In ana neman abin da Turawan mulkin mallaka suka bari, ai shi ne dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, dokar da ta ɗauki mai ciwon ƙwaƙwalwa a matsayin abin tsarewa. Ita ta yi ta aiki a Nijeriya har zuwa Janairun 2023 da aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ke nan mai gidan mari ya fi kusa da tsarin Bature fiye da mai zaman shawara.

Wannan ba ya nufin a haɗiye duk abin da aka rubuta a Turai. Farfesa Malik Badri, masani ɗan Sudan da ya rasu a 2021, tun 1979 ya fitar da littafi yana gargaɗin masana Musulmi kan bin ra'ayoyin Freud ido rufe, mutumin da ya ɗauki addini a matsayin ruɗu. Amma Badri bai ce a watsar da ilimin ba. Ya yi rayuwarsa yana jinyar mutane da shi, shi ne ma ya fassara sashen littafin al-Balkhi zuwa Ingilishi. A tace, a ɗauki tsaba, a zubar da dusa.

ME AKE YI A ƊAKIN?

Mai shawara na gaskiya ba ya wa'azi, ba ya tsawa. Yakan zauna da matashi kusan awa guda, sau ɗaya a mako, na tsawon makonni ko 'yan watanni, kuma ƙa'idar aikinsa ta hana shi yaɗa sirrin da ya ji. Aikin farko shi ne saurare, har matashi ya iya furta abin da ya shekara yana haɗiyewa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Daga nan sai a kama mugun tunanin da ke kwantar da shi. Matashi ya ce, “Ni ba ni da wani amfani.” Sai a tambaye shi hujja, kamar yadda alƙali ke neman shaida. Wa ya riƙe shagon wansa shekara uku? Wa ya yi jinyar kakarsa? A hankali sai ya gane cewa faɗuwa jarrabawa ɗaya ko karyewar jari ɗaya ba su ne rayuwarsa gaba ɗaya ba.

Sai kuma babban darasi, wanda masu tsawa suka kasa fahimta. Su suna jiran himma ta zo kafin a yi aiki. Masana sun gano cewa ga mai wannan ciwo aiki ne ke jawo himma. Saboda haka ba a ce masa ya tashi ya canza rayuwarsa gobe. Ana yarjejeniya da shi a kan abu ƙarami mai lokaci: wanka kafin ƙarfe takwas, sallar Asuba a masallaci kwana uku cikin mako, awa biyu a wurin sana'a. Ya rubuta abin da ya yi, ya kawo a zama na gaba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma matakala ɗaya-ɗaya ake takawa a fito.

Ga mai shaye-shaye kuma akwai hanyar da masani William Miller ya bayyana a 1983, bayan ya lura cewa duk lokacin da aka matsa wa mashayi da gardama sai ya ƙara kare shansa. Sai aka koma tambayarsa: me ƙwayar ta ba shi, me ta ƙwace masa, ina yake son ya ga kansa nan da shekara biyar? Dalilin da ya fito daga bakin mutum ya fi wanda aka ɗura masa zama a zuciya. Idan ciwo ya yi tsanani, likitan ƙwaƙwalwa yakan haɗa da magani, wanda kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a daina shi sai da izinin likita.

KADA A FAKE DA TALAUCI

Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum fiye da miliyan 200, kuma wannan abin kunya ne ga mahukuntan da ke tashi zuwa Ingila don ciwon kunne. Amma rashin likitoci bai zama uzurin zama ba. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, suna zama shida da mai damuwa. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna bayan wata shida kashi 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna da su ke da sauran alamun ciwon, alhali a ɗaya rukunin kashi 50 ne. A nan gida ma Dakta Adeoye Lambo tun 1954 ya riƙa jinyar marasa lafiya a ƙauyen Aro kusa da Abekuta, suna zaune cikin jama'a tare da danginsu. In tsohuwa a kan benci za ta iya, me zai hana a horar da malaman Islamiyya da matasa masu hankali a kowace unguwa? Kuɗin da ake kashewa a walima ɗaya ya isa a fara.

ABIN DA YA RAGE GA 'YAN UWA MATASA

Ɗan uwan da ya ga ya ɓace daga sahu, ya je ya same shi shi kaɗai, ba a gaban majalisa ba. Ya tambaye shi, ya yi shiru ya saurara, ya riƙe sirrinsa. Ya raka shi asibiti da ƙafarsa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen wannan aiki. Wanda ya fara maganar kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a tsaya jan kunne, a kai shi wurin likita a ranar.

Shi kuma wanda ke kwance a shago yana karanta wannan, ya sani cewa faɗin ciwo ba ya rage wa namiji mazantaka, kuma ba a kan kansa aka fara ba. Ya ci gaba da addu'arsa, ya kuma zaɓi mutum ɗaya da ya amince da shi ya faɗa masa gaskiya kafin wata Juma'ar ta zagayo.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya kwance waɗanda ke ɗaure, Ya shiryi masu ɗaure su.