Sharhi: Tsofaffin wasannin Japan da gibin da ke rumbun adana tarihi na Jos

Wanda ya yi ƙuruciya a Dutse Uku, cikin birnin Jos, a shekarun 1990 zai tuna na'urar wasan da ake jonawa da talabijin, mai kaset ɗin da aka rubuta wa alƙawarin wasanni dubbai, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Abin da yawancin yaran ba su sani ba shi ne, kwaikwayo ce ta Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a watan Yulin 1983. Masana'antun Taiwan da China ne suka kwafe ta, 'yan kasuwa suka yo safararta.

Wannan ya haifar da wani abin mamaki. Tun da samfurin Japan aka kwafa, yaran Jos sun buga wasannin da ba a sayar wa yaran Amurka a na'urarsu ta NES ba, irin su Battle City na kamfanin Namco, na 1985, wanda aka fi sani da wasan tankar yaƙi. Kayan satar fasaha ne, babu ja, amma su suka fara koya wa dubban yara sarrafa na'ura.

A yau Japan ɗin kanta na fafutukar ceto abin da ya rage. Misali mafi ciwo shi ne Satellaview, tsarin da ya riƙa aiko da wasanni ta tauraron ɗan Adam daga 1995 zuwa 2000. Wasan kan sauka ne a ɗan ƙaramin ma'aji, sabo ya share tsoho, don haka abin da ya tsira shi ne wanda wani ya bari bai goge ba. A Tokyo akwai wata ƙungiyar sa-kai, Game Preservation Society, da tun 2011 take kwafe faya-fayai kafin su lalace. A 2023 kuma binciken gidauniyar Video Game History Foundation ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka ba sa kasuwa yanzu. Idan haka ta faru a ƙasashen da ke da kuɗi da lantarki, ina ga tamu?

Jos ce mazaunin Hukumar Fina-finai ta Najeriya da rumbunta na adana fim da bidiyo da sauti, kuma garin ya san zafin asara: babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, rikicin Janairun 2010 da ya faro daga Dutse Uku ya cinye gidaje da duk abin da aka adana a cikinsu. Hukumar ta san daɗin ceto ma. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an ɗauka ya ɓace, sai aka gano shi a 2016, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Sai dai zaren fim yana da haƙuri, yakan jira shekara arba'in a ɗaki mai ƙura. Manhaja ba ta jira. Wasan da wani matashi ya ƙirƙira don wayar salula yakan daina aiki da zarar an sauya tsarin wayar, ko aka cire shi daga shagon intanet, kamar yadda Nintendo ya rufe sayar da wasanni a shagunan 3DS da Wii U a Maris ɗin 2023. Kaset-kaset ɗin farkon Kannywood, tun daga Turmin Danya na 1990, su ma lokaci na cinye su.

A nan aikin Abuja yake. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin iDICE na sama da dala miliyan 600 a 2023, ta kuma kafa ma'aikata ta musamman don al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira. Hankali duk ya tafi ga samar da sabo. Sharaɗi guda a takardar bayar da tallafi zai rage ɓarna: duk wanda ya karɓi kuɗin gwamnati ya ƙirƙiri wasa ko manhaja, ya ajiye kwafi a rumbun Jos, tare da bayanin na'urar da ke buɗe shi. Rubuta wannan layi aikin darakta ne da mataimakansa. Abin da zai ci kuɗi shi ne ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikacin da zai riƙa sabunta kwafin duk bayan 'yan shekaru.