Kafin Ku Tsine Wa Mujallar Yaran Nan

Wasu matasa a Kano sun ce za su fara buga mujalla a kan kiɗan na'ura, wato kiɗan da ake haɗawa da fiyano da kwamfuta, musamman irin wanda ba ya shiga rediyo, sai dai ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Ko fitowar farko ba su yi ba, amma har an gama yanke musu hukunci. Wannan ya ce kwangilar ɓata tarbiyya aka ba su, wancan ya ce kiɗan Turawa ne, ina ruwan Bahaushe da shi. Na karanta daftarin da suka tsara domin ɗaya daga cikinsu ɗan yayata ne, kuma ina da magana da su. Amma bari in fara da ku masu jifa.

Wai don Allah wane kiɗa kuke ji yau in ba na na'ura ba? Waƙar da aka sa a bikin 'yarka, Alhaji, da me aka kaɗa ta? Waƙoƙin Rarara da kuke ƙure wa murya a motar kamfen, kalangu nawa kuka ji a ciki? Hatta masu bege da yawa sun jima da ajiye mandiri sun koma fiyano. Tun lokacin fim ɗin Sangaya, wajen 1999, fiyanon Yamaha ya mamaye waƙar Hausa, daga baya manhajar Fruity Loops ta zo ta ɗora. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan muna rawa da kiɗan na'ura, muna talla da shi, muna neman ƙuri'a da shi. Sai yau da yara suka ce za su zauna su rubuta yadda ake yin sa, sai ya zama baƙo?

Ni ba malami ba ne, kuma saɓanin malamai a kan kiɗa ya girmi kakannina. Wanda ya ɗauki fahimtar cewa kiɗa duk haramun ne, ya kuma tsaya a kanta a gidansa da motarsa da wayarsa, wallahi ina ganin girmansa. Wanda nake magana da shi shi ne mai halatta fiyano ranar da ake yabon ɗan takararsa, ya haramta shi ranar da ɗan talaka ya ce zai ci abinci da shi.

Batun cewa na Turawa ne kuwa, rashin bincike ne kawai. Kiɗan da ake kira tekno, matasa baƙaƙen fata ne suka ƙirƙire shi a yankin Detroit na Amurka cikin shekarun 1980, lokacin da masana'antun mota ke rufewa, garin yana tsiyacewa. Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, su ne ake ambata a matsayin iyayensa. Daga baya ya haura Turai, har a 2024 Jamus ta sa teknon birnin Berlin cikin jerin al'adun ƙasa da ya kamata a adana. Ku duba fa: baƙar fata ya ƙirƙira, wani ya rubuta ya adana, yau sunan wanin ake kira.

Kuma ba sai mun je Amurka ba. Nan Yamai, tun ƙarshen shekarun 1970 Mamman Sani yake kaɗa ogan na lantarki, yana juya waƙoƙin gargajiyar Nijar zuwa sautin na'ura. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, mutane sun haddace shi ba tare da sun damu da sanin mai shi ba. Wa ya tono kaset ɗinsa ya sake fitar da shi ga duniya a 2013? Wani Ba'amurke ne, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds. Shi ne dai ya fitar da Hama, wani matashin Yamai da ke haɗa kiɗa da ƙaramin fiyano, wanda aikinsa ya daɗe yana yawo a katin waya babu ko suna a jiki. Kuma kamfanin nan ne a 2013 ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa na Kano ya buga su a faifai da sunan Harafin So, Turawa suna saye suna rubuta sharhi a kai. A kudu ma haka aka yi da William Onyeabor na Inugu: sai da kamfanin Luaka Bop na New York ya sake buga shi a 2013 sannan 'yan Najeriya da yawa suka fara jin sunansa.

Ban ga laifin Kirkley ba. Mutum ya zo ya ga zinariya a bola ya ɗauka ya wanke. Abin da ke min ciwo shi ne, in yau ɗalibi a Jami'ar Bayero yana son sanin wa ya fara shigo da fiyano waƙar fim, wane sutudiyo ne na farko, wa ya koya wa wa, in ka cire rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu da tsofaffin kwafin mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ina zai dosa? Masu kiɗan farko suna tsufa, wasu sun rasu, kwamfutocinsu sun lalace da duk abin da ke ciki. Mu ma'aikatan gwamnati mun fi kowa sanin yadda fayil ke ɓacewa in babu wanda aka ɗora wa alhakin adana shi.

To, yanzu ku 'ya'yana masu mujalla, ku matso.

Daftarinku shafi talatin da biyu ne, na ƙirga. Fiye da rabi labarin gidajen rawar Berlin da Landan ne, an kwaso daga intanet, kuma da Turanci. Sunan mujallar ma Turanci ne. Wa kuke rubuta wa? Yaron da ke iya karanta wannan Turancin ai yana da waya, zai je ya karanta na asali kyauta, ba ya bukatar ku. Wanda ke bukatar ku shi ne yaron da ke zaune a wani ɗan ɗaki a titin gidan Zoo, ko a Tudun Wadan Kaduna, ko Jos, ko Damagaram, da tsohuwar kwamfuta da janareta mai tari, yana haɗa kiɗan da rabin gari zai yi rawa da shi, kuma babu wanda ya san sunansa. Kun rubuta cewa kuna neman kiɗan "ƙarƙashin ƙasa". Ku bar fassara kalma da kalma, domin Bahaushe in ya ji ƙarƙashin ƙasa, abin da zai zo masa shi ne ɓoyayyen aikin assha. Abin da kuke nufi shi ne kiɗan bayan fage, kuma ga shi nan a bayan gidanku.

A nan ne ma maganar kuɗi take, wadda ita ta fi damuna. A tsarin da aka saba, mawaƙi ya shiga sutudiyo, a biya mai kiɗa sau ɗaya, shi ke nan an rabu. Waƙa ta fashe, mawaƙi ya samu mota da kujerar Makka, masu tura waƙoƙi a waya su samu na cefane, YouTube ya biya mai tashar, shi kuwa wanda ya zauna dare yana jera sautin ganga da sarewa ko sunansa ba a rubuta ba. Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka, ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023. Masu kiɗa nawa ne a Arewa aka taɓa yi wa bayaninta da Hausa? Mujallar da za ta ware shafi biyu duk fitowa ta nuna wa yaro yadda ake rubuta yarjejeniya kafin a danna maɓalli, da yadda ake rajistar aiki, da abin da ya kamata ya nema in an ɗora kiɗansa a intanet, ta yi wa unguwa aikin da taron bita goma na otal bai yi ba.

In kuna son misali daga waje, ku duba kusa. Singeli na Darussalam ya taso ne daga unguwannin talakawa irin Tandale, da kwamfutoci masu araha. Gqom na Durban a motocin haya ya fara yaɗuwa. Waɗannan labaransu sun fi kama da namu, kuma yaron Kurna ko Rijiyar Lemo zai ga kansa a ciki.

Abu ɗaya kuma da masu sukar ku suka faɗa gaskiya ne, kada ku yi musu dariya. Tsoron iyaye game da shaye-shaye ba ƙage ba ne. Mun ga abin da kodin ya yi wa gidaje a garin nan kafin gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Hotunan da kuka zaɓa na matasa cikin hayaƙi da kwalabe, ku cire su, ba don tsoron Hukumar Tace Finafinai ba, don babu abin da suke koya wa kowa game da kiɗa. Ku sa hoton hannun mutum a kan fiyano, ku sa hoton allon kwamfuta ku yi bayanin abin da kowane layi ke yi. Mujallar da uba zai gani a ɗakin ɗansa ya buɗe ya karanta bai yaga ba, ita za ta kai fitowa ta biyu.

Takarda ta yi tsada, na sani. Ku buga kaɗan na ajiya, ku kai ɗakunan karatu na jami'o'i da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, saura ku raba ta WhatsApp. Amma fitowar farko, ina roƙonku, ku ɗauki waƙoƙi ashirin da kowa ya haddace daga 1999 zuwa yau, ku bi sawu ku gano wanda ya kaɗa kowacce, ku buga sunansa da garinsa da irin na'urar da ya yi aiki da ita. Waɗanda ke raye ku je ku zauna da su da rikoda. In kun yi wannan, kwafi goma na farko nawa ne, kuma da hannuna zan raba su a ofis, har da teburin wanda ya fi kowa zagin ku.