Kowa ya ɓoye kwali, to wa zai saya?

 Idan kina cikin masu leƙa TikTok ko YouTube bayan yara sun yi barci, da wuya a ce ba ki taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: wani Bature tsaye a gareji, bayansa kwalaye jere har rufi, yana cewa wannan dala 100 ya saye shi, bayan shekara biyu ya sayar dala 250, kuma wai kowa ma zai iya. Kwalayen nan na LEGO ne, ƙananan tubalan robar nan masu launi-launi da yara ke harhaɗawa su gina gida ko mota. Sana'ar ita ce a sayi kwalin, kada a buɗe shi, a ajiye har kamfanin ya daina yin irinsa, sannan a fito da shi kasuwar intanet. Tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne dai na mai sayen gero da kaka ya zuba a rumbu, ya jira damina ta yi nisa.

Abin da masu bidiyon ba su cika faɗa ba shi ne kasuwar ta cika ta batse, kuma su kansu suna cikin waɗanda suka cika ta.

LEGO kamfanin ƙasar Denmak ne. Wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya kafa shi a garin Billund a 1932, da kayan wasa na katako ya fara. Tubalin roba mai maƙalewa da aka sani yau a 1958 aka yi masa rajista, kuma har gobe tubalin wancan lokacin yana shiga cikin na bana daram. Kamfanin yana fitar da kayansa kwali-kwali, kowane kwali da abin da ake ginawa da shi, wani jirgi, wani gidan sarki, wani motar kashe gobara. Yawanci kwali yakan yi shekara ɗaya zuwa uku a kanti, sai a daina buga shi. Daga ranar nan duk mai sonsa sai dai ya nema a hannun mutane. Kuma masu neman ba yara ba ne. Manya ne, masu aure da 'ya'ya, waɗanda suka yi wasa da shi suna ƙanana, yanzu sun samu albashi suna son abin da iyayensu suka kasa saya musu.

Labarin da ya haukata mutane shi ne na wani jirgin sararin samaniya na fim ɗin Star Wars mai suna Millennium Falcon. An fitar da shi a 2007, tubali sama da 5,000 a cikin kwali ɗaya, a kan dala 500. Da aka daina yin sa, wanda ba a buɗe ba ya riƙa hawa har ya haura dala 3,000. Haka na ginin Taj Mahal da ya fito a 2008 a kan dala 300, shi ma ya ninka sau da yawa. A 2015 jaridar Telegraph ta Ingila ta buga cewa ajiye LEGO ya fi ajiye zinare riba. Daga baya wasu masana tattalin arziki biyu mata a wata jami'a da ke Mosko suka bi farashin kwali 2,322 daga 1987 zuwa 2015, suka ce idan aka haɗa aka raba, darajarsu tana ƙaruwa da kusan kashi 11 cikin 100 a shekara. Wannan kashi 11 ɗin shi ne ake ta yawo da shi a bidiyo har yau.

To amma ki dubi shekarun da kyau. Lissafin a 2015 ya tsaya, wato daidai lokacin da duniya ta fara jin labarin. Me ya sa kwalin 2007 ya yi tsada? Saboda a 2007 kusan duk wanda ya saya buɗewa ya yi. An gina, an rushe, yara sun watsar da rabi a ƙarƙashin kujera, an jefar da kwalin a shara. 'Yan kaɗan ne suka rage a rufe, wasu ma mantuwa ce ta sa. Tsadar daga ƙarancin ta fito, ƙarancin kuma daga rashin sanin mutane. Yau kuwa da zarar an fara raɗe-raɗin za a daina wani kwali, masu sari sun yi masa caa, wannan ya ɗauki biyar, wancan ashirin, kowa ya kai sito. Ranar da ya ƙare a kanti ba ƙarewa ya yi ba, wuri ya canja. Bayan shekara ɗaya duk su fito da shi lokaci guda, sai ka ga masu sayarwa sun fi masu saye yawa. Idan duk ƙauye aka cika rumbu da gero da niyyar sayarwa a wata ɗaya, ai kin san yadda mudu zai kaya.

Sannan babu sauran sirri a farashi. Akwai wani shafi mai suna BrickLink da wani masoyin LEGO ya buɗe a shekarar 2000, inda dubban ƙananan 'yan kasuwa ke baje kayansu. Duk wanda ya shiga zai ga nawa aka sayar da kowane kwali a watanni shida da suka wuce, mutum nawa ne ke da shi yanzu, kuma wa ya fi araha. Wasu shafukan ma hasashen ranar da za a daina kwali suke yi, kyauta. A da mai riba shi ne wanda ya san abin da wasu ba su sani ba. Yanzu kowa da wayarsa a hannu, abu ɗaya suke karantawa, abu ɗaya suke saye. Abin da ya rage a yi gasa a kai shi ne karya farashi. Wanda haya ta taso wa ko katin bashinsa ya cika ya rage dala biyar, na kusa da shi ya rage goma, a haka har a dawo kusa da uwar kuɗi.

Shi ma kamfanin ba barci yake yi ba. Yana kallon abin da ya sayar dala 500 ana cinikinsa dala 3,000, ba tare da ko sisi ya shigo aljihunsa ba. A 2017 ya fito da sabon Millennium Falcon, wanda ya fi na da yawan tubali, guda 7,541, a kan dala 800. A wannan shekarar kuma ya sake buga Taj Mahal, kusan shi ɗin dai. Waɗanda suka ɓoye tsofaffin suna jiran ƙarin tsada sai suka wayi gari farashi ya faɗo, don mai son ginawa ba ruwansa da tsohon kwali idan ga sabo a kanti. Wanda kuma ya ce bari ya sari sabon ya jira a daina, ya sha zama, domin shekara bakwai bayan fitowarsa yana nan ana sayar da shi. A 2019 kamfanin ya saye BrickLink ɗin gaba ɗaya, ya zama kasuwar 'yan sarin ma a hannunsa take, yana ganin abin da ke tafiya da abin da ke kwantai. A shafinsa na sayarwa yakan ƙayyade adadin da gida ɗaya zai saya na wasu kwalayen. Ya kuma ƙara masana'antu, ɗaya a Sin a 2016, wata a Biyetnam a 2025. Ni a ganina wannan shi ne babban raunin sana'ar: ƙarancin da kake jingina jarinka a kansa, maɓallinsa yana hannun wani, ranar da ya ga dama zai buɗe famfo.

Ko cinikin ya faɗa, ba a nan gizo ke saƙar ba. A ce mutum ya sayi kwali dala 100, ya yi sa'a bayan shekara biyu ya sayar dala 150. Shafin eBay yana cire la'ada kusan kashi 13 cikin 100, Amazon kuwa kashi 15 a kan kayan wasa. Kusan dala 20 ta tafi. Ga kuɗin aikawa, kwalin kuma babba ne, ga wani kwalin da za a sa shi a ciki don kada ya lotse, domin mai tara irin waɗannan kaya ko kusurwa ɗaya ce ta lanƙwashe sai ya ce a rage masa ko ya mayar. Abin da zai saura bai taka kara ya karya ba, kuma shekara biyu kuɗin yana kwance, ɗaki ɗaya na gidan ya zama na kwalaye. Shafin dai ya karɓi nasa ko an ci riba ko an faɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda kuɗi ya taru kuma, ɓarayi ba sa nisa. A 2024 'yan sandan Los Anjeles a Amurka sun kwashe sama da kwali 2,800 na LEGO daga wani gida, bisa zargin cewa daga kantuna aka sato su ana sayarwa ta intanet. Ɓarawo bai sayi kaya ba, don haka duk farashin da ya sa riba ce, mai gaskiya ba zai iya karawa da shi ba. Ga kuma jabu. A 2019 'yan sandan Shanghai sun kai samame kan wani kamfani mai suna Lepin da ke kwaikwayon kwalayen LEGO har da hoton jikinsu, aka kama kaya na kusan dala miliyan 30, daga baya aka ɗaure mai shi shekara shida.

Ban ce kowa faɗuwa yake yi ba. Akwai masu ci da wannan sana'a har yanzu, amma yawancinsu ba masu ajiye kwali su naɗe hannu ba ne. Su ne masu sayen tsofaffin tubala a kilo daga gidajen da yara suka girma, su wanke, su zauna su ware su ɗaya bayan ɗaya, ja daban, shuɗi daban, tayar mota daban, kan ɗan mutum-mutumi daban, kamar mai tsintar wake. Sai su sayar ɗai-ɗai ga wanda guda biyu suka ɓace masa. Aiki ne mai cin ido da baya, shi ya sa cunkoson bai kai can sosai ba. Ragowar masu cin ribar kuwa su ne masu bidiyon. Kuɗin kallo suke samu, da la'adar duk wanda ya bi ta hannunsu ya saya, wasu har darasi suke sayarwa. Ki tambayi kanki, wace 'yar kasuwa ce za ta gano inda ake samun kaya da araha, ta tafi gidan rediyo ta yi shela?

Me ya haɗa mu da wannan, mu da yawancinmu ko kwalin ba mu taɓa riƙewa ba? Na farko dai bidiyon suna zuwa wayoyinmu, kuma suna zuwa wa 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu ko aiki a Ingila da Amurka, inda abin yake a ƙofar gida. Ba abin mamaki ba ne wata rana ɗanki ya kira ya ce, "Umma, ki ranta mini in sa a wata harka." Yana da kyau ki san tambayoyin da za ki yi masa: mutum nawa ne ke sayar da irin wannan kwalin yanzu, nawa shafin zai cire, kuma idan kamfanin ya sake buga shi fa? Ga wadda ke gida kuma take tunanin zuba kuɗin adashenta, lissafin ya fi muni. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. A wannan farashin kwalin dala 800 ya wuce naira miliyan ɗaya tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan. Sai a ajiye kwalin takarda shekara uku a garin da ke da gara da ɓera da laimar damina, sannan a nemi mai saye, wanda shi kuma yana can ƙasar da kayan suka fito, da masu sayarwa ɗari a kusa da shi.

Na biyu kuma, cutar da ta kama kasuwar LEGO mun san ta a namu gidan. Wata ta samo wani sabon yayin mayafi ko wasu kwanukan cin abinci, ta ɗora a WhatsApp, sati na farko ta sayar da riba mai kyau. Sati na uku hoton nan dai, shi ɗin dai, yana kan wayar mata goma a unguwa ɗaya, duk daga hannun dila ɗaya, kowa tana rage ɗari biyu. Wadda ta shigo a ƙarshe ita ke kwana da kaya.

Idan kuwa don yaranki kike son tubalan, to abin ya zo da sauƙi, domin yaro ba ruwansa da kwali. Akan ci karo da su a cikin kayan wasa na gwanjo, a ƙulle a leda. Ki duba kan kowane ɗan ƙullutun da ke saman tubalin, na asali akwai sunan LEGO a rubuce ƙanana a kai. A wanke su da ruwa mai ɗumi da sabulu, kada a sa tafasasshe, a shanya a inuwa don rana tana sa farare su koma rawaya. A nisanta ƙananan daga yaron da bai kai shekara uku ba, yana iya haɗiyewa. Akwai manya da ake kira Duplo da aka yi saboda irinsu. Ki kuma ware musu roba mai murfi tun ranar farko, don wadda ta taɓa taka ɗaya da asuba babu takalmi ba ta mantawa.

Ku da kuke sana'a ta waya, ina son jin naku a ƙasa: idan kin fito da sabon kaya, kwana nawa yake ɗauka kafin ki gan shi a wurin wata, kuma me kike yi idan hakan ta faru?