A yi ma dajin Yamai hanyar keke kafin ya ƙare

Ƴan kasuwa maza da mata, yau maganar keke muka kawo muku. Kar wani ya ce wasan yara ne, don maganar ta taɓa rumfarsa.

Duk wanda ya shigo Yamai ta hanyar Filinge ko ta Wallam ya ratsa dajin dogon yaro da ya kewaye birnin ta arewa da gabas. Tun shekara ta 1965 aka soma dasa shi, har ya kai wajen hekta 2500, tsawonsa kusan kilomita 25. An dasa shi ne don ya tare iskar hunturu da rairayi. Mai atamfa a Babbar Kasuwa da mai tumatir a Katako sun fi kowa sanin ɓarnar ƙura.

To yau ina dajin yake? An sare wani gefe, an yanka filaye a wani, wani kuma ya koma jibjin leda. Mu faɗi gaskiya, cikin masu sayen filayen nan har da mu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dajin da mutanen kirki ba su bi, mai gatari ya samu gona.

Shawararmu ga hukumar birni ita ce a fidda hanya ta kekuna kaɗai, wadda za ta bi bakin unguwanni, ta ratsa inuwar itatuwa, ta kewayo inda ta taso. Mota da moto ba su shiga. Mai kawo kaji da zabi daga ƙauye, mai rabon burodi da ɗan makaranta duk su huta da tsoron manyan motoci. Wanda ya bi ta kullum, ran da aka sare icce guda zai gani, zai kuma yi magana.

Ran Lahadi matasa su yi tsere a kanta. Maƙwabtanmu na Burkina sun soma Tour du Faso tun 1987. Inda tsere ya tara jama'a, mai ƙosai da mai fura ba su kwana da kaya.

Wani zai ce ana fama da tsadar hatsi, wa ke ta keke? Ai keke ba ya shan mai, shi ne motar talaka. Amma kar a fake da aikin a sare itatuwa, kar kuma a tashi talakawan da ke bukkoki ciki ba tare da an ba su matsuguni ba.

Namu aikin biyu ne. Dillalin da ya kawo muna fili cikin dajin nan, mu ce a'a, komi arharsa. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuma su haɗa kuɗin kyautar tseren farko. Dashen ranar 3 ga watan Ogusta ba ya da amfani in mun bar na iyayenmu ya mutu.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.